Na Tafi Masar Neman Ido, Na Baro Yayana a Can

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni mace ce da ban cika arba'in ba, ina aure a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, ba nisa da Wad Haddad. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar hajji, suka yada zango a yankin Jazira na ƙasar Sudan, zangon ya zama gida. Maigidana yana noma hawashar wani Balarabe, gonar auduga ke nan, in an girbe su raba. Ni kuma ina cirar auduga in lokacinta ya yi, in ya wuce in koma suyar gyaɗa. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma ban taɓa zuwa inda ya wuce Madani, babban garin yankinmu, ba.

Ciwon ya faro ne kamar hayaƙi a idona na dama. Ban kula ba har ya kama na hagu. A gona sai in wuce auduga fara sol a jikin itacenta ban gani ba, mata na bayana su cire suna yi mini dariya. Daga nan na fara ƙona yatsu a kaskon kisra, wainar dawar da muke ci. Ranar da na tabbata abin ya yi nisa ita ce ranar da ɗiyata ta fari ta shigo gida na tambaye ta ko wace ce. Sai na ji ta zauna a bakin ƙofa tana jan hanci. Kafin shekara ta zagayo, haske da duhu kawai nake bambancewa, sai inuwar mutum in ya gifta.

Akwai wani wanzami da ke yawo ƙauyuka yana kwantar da yanar ido da allura. An kawo mini maganarsa, na ƙi, domin na san wata maƙwabciyarmu da ya yi wa, ta gani na ɗan lokaci, daga baya idon ya ruɓe. Maigidana ya kai ni asibiti a Madani. Likita ya duba ya ce moya beda ce, farin ruwa, abin da mu muke kira yana, kuma aiki ne maganinta. Amma masu jiran aikin suna da yawa, likitan ido kuwa kaɗan ne, sai aka ce mu koma gida mu dawo bayan wasu watanni. Muka dawo, aka sake ɗaga mana. Muka tambayi kuɗin likitocin Khartum masu ɗakin duba marasa lafiya na kansu, abin da aka faɗa mana ko mun sayar da awakinmu da dawar shekara ba zai kai ba.

A wannan tsakanin ne maganar Masar ta cika ƙauye. Wani dattijo na ƙauyen gaba da mu ya tafi a makance ya dawo da tabarau mai kauri yana karanta Alƙur'ani. Ya ce likitoci a Alƙahira sun kai masu sayar da albasa yawa, kuma kuɗinmu yana da daraja a can, har in ka haɗa kuɗin jirgi da na masauki da na aiki, ba su kai rabin na Khartum ba, kuma babu jira. Tun da na ji wannan ban sake samun natsuwa ba. Maigidana ya ce in yi haƙuri a gama cirar auduga, domin in ya bar hawashar a tsakiyar aiki mai ita zai ba wani, mu rasa abin ci. Gaskiya ya faɗa, amma wanda bai taɓa zama a duhu ana jansa zuwa bayan gida ba, ba zai gane yadda wata ɗaya yake a wurina ba. Na aika a kira mini Yaya.

Yayana tela ne a kasuwar Wad Haddad. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni, kuma har na haifi 'ya'ya bai daina kirana Auta ba. Ya taɓa zuwa hajji ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin, ya san jirgi, ya san hulɗa da ma'aikata, Larabcinsa kuma ba ka raba shi da na 'yan ƙasa. Da na gaya masa buƙatata bai yi dogon tunani ba, ya ce in shirya. Bayan kwana kaɗan matarsa ta zo ta same ni ni kaɗai, ta zauna kusa da ni a kan angareb, gadonmu na igiya, ta ce don Allah in jira bayan girbi maigidana ya kai ni. Na tambaye ta dalili, ta ce ba kome, tafiyar ce da nisa. Na ɗauka ƙyashi take yi, tana ganin zan rufe wa mijinta shago. Na ba ta amsa mai sanyi a baki amma mai zafi a ciki, na ce ai kafin ya zama mijinta ɗan uwana ne. Ta tashi ta tafi.

Takardun tafiya sun ba Yaya wahala, domin irinmu sai an tambayi inda aka haifi uba da kaka. Ya yi ta kai da kawowa har ya samu. Na sayar da awarwaron aurena da awaki, maigidana ya ƙara da abin da yake da shi, muka kama hanya. Jirgin ƙasa ya kai mu Khartum, wani ya ɗauke mu ya ratsa sahara zuwa Halfa, a lokacin ruwa bai cinye tsohon garin ba. Daga nan muka shiga jirgin ruwa. Duk tafiyar nan ina riƙe da gefen jallabiyarsa. Shi ne idona. Yakan ce ga duwatsu baƙaƙe a dama, ga dabino ya jeru a bakin kogi, ga wasu mutum-mutumi na mutanen da da aka sassaƙa a jikin dutse, kowanne ya fi gidanmu tsawo. Ina jin daɗin labarin har nakan manta da ciwona.

Akwai abubuwan da na ji a hanya waɗanda ban ba su muhimmanci ba. In na kama hannunsa sai in ji ƙashi, amma in jirgi ya girgiza na faɗa jikinsa sai in ji ciki a kumbure, da tauri. Na yi masa magana, ya yi dariya ya ce tumbin zaman keken ɗinki ne. Abinci kuwa sai ya tura mini nasa ya ce ya ƙoshi. A jirgin ruwa na ji shi yana amai a gefe, ya ce kaɗawar ruwa ce, alhali kogin a kwance yake. Wata mata 'yar Dongola da ke zaune kusa da ni ta tambaye ni, tsakanin ni da shi wa ake kai wa likita. Na yi dariya na nuna mata idona. Ba ta yi dariya ba, ta ce Allah ya ba mu lafiya mu duka.

A tashar Alƙahira dillalan marasa lafiya suka yanyame mu, kowa yana cewa ya san likitan da ya fi. Yaya bai saurare su ba. An ba shi kwatancen wani dattijo Bahaushe da ya je karatu tun yana saurayi ya zauna can, yana koyar da yara a wata unguwa mai lunguna kusa da babban masallacin da ɗalibai ke taruwa. Muka same shi, Malam ake kiransa. Da Malam ya ji Hausa a bakinmu sai ya riƙe hannun Yaya ya daɗe bai saki ba. Ya ba mu ɗaki a gidansa, matarsa Bamasariya ta karɓe ni kamar ƙanwarta, ko da yake Larabcinta yana yi mini sauri. Shi ya kai mu wurin likitan ido. A nan dole in faɗi gaskiya, abin da aka ce game da sauƙin kuɗin haka yake. Likitan ya duba ni da kyau, ya ce idon dama za a fara yi, na hagu sai an huta, kuma bai sa mu jira ba.

Aikin ido a wancan zamani ba kamar na yanzu ba ne. Bayan an gama aka naɗe mini idanu duka biyu, aka kwantar da ni rigingine, aka tokare kaina da jakunkunan yashi hagu da dama. Aka ce kada in juya, kada in yi tari, kada in yi atishawa in da hali, kuma fiye da kome kada in yi kuka, domin ɗinkin zai iya buɗewa idon ya tsiyaye. Kullum da hantsi Yaya yakan zo ya zauna a gefen gadon ya ba ni romo da cokali, yana ba ni labarin garin, wai mutanen nan ko gaisuwa suke kamar faɗa suke yi. Na lura muryarsa tana ƙara yin ƙasa, kuma yana hutawa a tsakiyar magana. Zuwansa na ƙarshe, da zai tafi ya dafa ƙafata ya ce, “Auta, in an buɗe miki ido kika gan ni, kada ki tsorata. Na ɗan rame.” Na ce masa ai ni ko ƙashi ne in dai zan gan shi, alhamdulillahi. Ya ce to, sai gobe.

Washegari matar Malam ce ta zo da romon. Ta ce zazzaɓi ya kama shi. Kwana ya bi kwana ita ce dai. In na tambaya sai ta ce yana hutawa, ta sa mini cokali a baki. Da Malam ya zo na tambaye shi, ya ce in kwantar da hankalina, Yayana yana hannun Allah, ya samu sauƙin abin da ke damunsa, ni dai in kula da idona. Na yarda da rabin zuciya. Wani lokaci har haushi nake ji, in ce a raina wane irin zazzaɓi ne zai hana mutum ya leƙo ƙanwarsa a baƙon gari. Wani lokaci kuma tsoro ya taso mini, in ji hawaye na tahowa, sai in tuna maganar likita in haɗiye, in kama salati. Ban taɓa sanin mutum zai iya hana kansa tunani don tsoron kuka ba sai a kan gadon nan.

Da aka kwance mini ido na ga haske, na ga farar rigar likita, na ga hannuna, ko da yake kome a narke yake sai an sa tabarau. Na duba bayan likita, Malam ne da matarsa a tsaye. Aka maida ni gidansu, matar ta ce Yaya yana wani asibiti, ba a barin mata shiga. Haka suka riƙe ni har ranar da likita ya ce ɗinki ya kama, ya ba ni tabarau. Da muka dawo gida Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna nesa kaɗan, matarsa ta riƙe kafaɗata. Ya ce, “Ɗiyata, ban yi miki ƙarya ba, amma ban gaya miki gaskiya duka ba. Yayanki ya rasu tun kina kwance. Shi ya ɗora mini amanar kada a faɗa miki sai idonki ya warke.”

Ya ba ni labarin yadda abin ya kasance. Ranar nan da ya bar wurina, a lungun gidan ya faɗi yana aman jini. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibiti, aka yi ƙoƙari, washegari ya cika. Likitoci suka ce bilharziya ce, tsargiyar da ake ɗauka a ruwan tur'a, ta daɗe a cikinsa ta lalata hanta, saifa ta kumbura. Ashe ya san da ciwon. Tun a gida ya taɓa aman jini, likita a Madani ya hana shi aikin wahala da doguwar tafiya. Ya gaya wa Malam tun farkon zuwanmu cewa niyyarsa in an gama da ni, da abin da ya rage na kuɗin ya kai kansa wurin likita, tun da an ce Masarawa sun san ciwon nan fiye da kowa. Malam ya ce ya matsa masa ya fara zuwa, Yaya ya ce a'a, kada kuɗin ya gaza a tsakiyar aikin Auta.

Na yi kukan da na tara. Bayan kwana biyu Malam ya kai ni maƙabarta, can bayan gari a gindin wani tsauni, wurin da ake binne baƙi. Ya nuna mini kabarin. Shi da ɗalibansa da wasu 'yan Sudan da ke unguwar ne suka yi masa sutura da salla. Na tsaya ina kallon ƙasar, ina ganin kowane ɗan dutse sarai ta cikin tabarau. Rabona da ganin fuskar Yaya tun kafin ciwon ya rufe ni, saboda haka har yau in na tuna shi, da ƙibarsa nake tuna shi, ban san kamannin da ya koma ba.

Ban tsaya aikin ido na biyu ba. Likita ya ce in zauna, Malam ma ya ce gidansa gidana ne, amma zuciyata ta riga ta bar garin. Matsalar ita ce komowa, mace ita kaɗai, ba ta san hanya ba, takardun ma ban san yadda ake nuna su ba. Malam ya yi ta cigiya har ya samu wani mutumin Hasahisa, wani gari a yankinmu, da iyalinsa da suka kawo mahaifiyarsu magani za su koma, ya damƙa ni a hannunsu. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu. Na rungume jakar Yaya tun daga Alƙahira har gida, ban buɗe ta ba.

Labari ya riga ni isa, domin Malam ya buga waya. Na tarar matar Yaya tana takaba. Na shiga ɗakinta na durƙusa na ajiye jakar a gabanta. Ta dube ni, ta dubi tabarau ɗin, ta ce, “Kin samu idon?” Na ce na samu. Ta ce, “Alhamdulillahi. Na ce ki jira.” Ba ta ɗaga murya ba. Daga baya na ji daga bakin gwaggonmu cewa ya rantsar da ita kada ta gaya wa kowa ciwonsa, musamman ni, kuma ta yi ta roƙonsa kada ya tafi har suka yi kwanaki ba sa magana. Zuwan da ta yi wurina shi ne iyakar abin da za ta iya ba tare da ta karya rantsuwar ba.

Shekaru muka yi gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta hana 'ya'yanta zuwa gidana ba, amma in na shiga wuri sai ta sami abin yi a waje. Maigidana ya ɗauki abin da zai iya na nauyin marayun, duk girbi sai ya kai musu dawa kafin ya shigar da tamu. Keken ɗinkin ta ƙi sayarwa duk da matsin da suka shiga, ta koyi ɗinkin da kanta, ta riƙa yi wa matan ƙauye. Ba mu dawo daidai ba sai lokacin da ɗiyarta ta zo haihuwar fari, naƙuda ta yi tsanani, ta aiko a kira ni. Muka yini tare a kan yarinyar har Allah ya sauke ta lafiya. Da aka yi wa jariri wanka ta miƙo mini shi ta ce in duba mata, wai ni ce mai sabon ido, ko ya yi kama da kakansa. Daga ranar muka koma cin abinci a kwano ɗaya har ta rasu.

Ban rubuto wannan don in ce kada a fita waje neman magani ba. Idon da aka yi mini a Masar da shi na aurar da 'ya'yana, da shi na ga jikokina, kuma talaka ba ya barin garinsa da ciwo don sha'awa, tsada da jira ne ke korarsa. Amma na hagun a Madani aka yi mini shi daga baya, da layi ya zo kaina, na kwana kaɗan na koma gida a motar kasuwa. Da na ƙara haƙuri, watakila da haka za a yi wa na daman. Allah ne masani, kuma kwanan Yaya ya ƙare ko a ina yake. Sai dai da a gida ne, da matarsa da 'ya'yansa sun san inda yake kwance.

Abin da na koya shi ne, in ana lissafin arahar magani a wata ƙasa, kuɗin likita da na jirgi ake faɗa, ba a faɗin abin da hanya ke ci a jikin mutum, ba a faɗin abin da zai faru in mai jinyar ne ya faɗi. Mai ciwo kansa kawai yake ji, ni shaida ce. Saboda haka duk wanda zai yi irin wannan tafiya, ya binciki lafiyar wanda zai raka shi kamar yadda yake binciken likitan, in da hali su tafi da na uku, kuma kada ya taka ƙasar da bai san kowa ba, domin ba kowa ke dace da irin Malam ba. Masu zama bakin tur'a kuma kada su raina fitsarin jini a wurin yara, su ce na ƙuruciya ne zai wuce. In kuma wani na kusa da ku ya ce ku dakata, ya kasa faɗin dalili, kada ku yi saurin fassara shi da mugunta. Ku zauna ku sake tambaya a hankali. Ni sau ɗaya na tambaya, na tashi da fushi.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa Yayana a addu'a. Yana can a maƙabartar baƙi, kuma tun ranar da na juya na bar wurin, babu wani nasa da ya sake zuwa.